Wata uku a sal ɗin unguwarmu, daga pomp ko ɗaya zuwa 14: abin da ya burge ni da abin da ya ɓata min rai

Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar da yaron shagona ya ɗauke ni bidiyo ina pomp ya sa a satatus mutane suka hana ni sakat, wane sal kake zuwa, nawa ake biya, wai da gaske mai tumbi irinka zai iya, wani ma cewa ya yi haɗa bidiyon aka yi. To bari in zauna in rubuta sau ɗaya in huta. Sunan wurin ba zan faɗa ba, don akwai abubuwan da zan soka kuma yaron da ke riƙe da wurin ina ganin mutuncinsa, wanda ke nan Damagaram in ya same ni a shago zan kwatanta masa da baki. 'Yan uwanmu na Najeriya, abin da muke ce wa pomp shi ne wannan da ake kifewa a dafa ƙasa da hannu biyu ana sauka ana tashi, sal kuma ɗakin ɗaga ƙarfe, jika ɗaya sefa 1000 ke nan, dala ɗaya kuma sefa 5, kar ku rikice a gaba.

Ni tela ne, shekarata 39, shagona ba nisa da kasuwar Dole. Aikina zama, daga safe har dare a kan keke, abin da ke motsi a jikina ƙafar dama ce sai almakashi. Kilo 88 na hau sikeli a watan Nuwamba. Kuma abin da ya kai ni sal ba wai son lafiya ba ne, kunya ce ta kai ni. Wata rana da dare a fadarmu, wato majalisar da muke zaman hira, ana jiran shayi na biyu yara suka fara gasar pomp, wanda ya kasa 20 shi zai sayi sukari, ni kuma da bakina da ba ya shiru na ce ai mu zamanin lakwal, wato makaranta, 30 muke yi ba mu ji ba. Suka ce to babban yaya bismillah. Na cire hula na kife, na sauka, wallahi tallahi ban taso ba. Ƙirjina ya manne da tabarma kamar an sa gam, hannuwana na kyarma, na yi nishi na yi nishi, ƙarshe da gwiwa na rarrafa na tashi. Har mai gadin kantin da ke tsallaken hanya sai da ya yi dariya. Na sayi sukarin.

Da na gaya wa maman yara zan shiga sal sai ta yi shiru, can ta ce da girmanka za ka je cikin 'yan pale? Ban ga laifinta ba, nan garin da yawa in an ce ɗaga ƙarfe abin da ke zuwa ran mutane ke nan, 'yan pale, wato gungun samarin unguwar Kara-Kara da ake wa kallon 'yan daba, da ƙirazansu da ƙarafunansu na haɗin gida. Amma gani ya kori ji. Da safe waɗanda na tarar, akwai wani mushe, wato malamin makaranta, da ke koyarwa a lise, sakandare ke nan, akwai ɗalibai biyu na jami'ar André Salifou, akwai wani mai kabu-kabu da ke zuwa kafin ya fita aiki, sai wani dattijo da ya yi ritaya wanda likita ya ce masa ya riƙa motsa jiki saboda ciwon sukari. Ba wanda ya taɓa yi min kallon banza da safe. Na yamma kuma zan zo kansu.

Wurin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Tsohon garejin gida ne aka fasa bango aka ƙara rumfar kwano a gaba, ƙasa siminti, madubi ɗaya dogo mai tsaguwa a kusurwa, fanka biyu ɗaya ba ta juyawa. Ƙarafunan rabi na kanti ne rabi aikin mai walda, faifan birkin mota da aka zura wa bututu, da gwangwanayen madara da aka cika da siminti. Kuɗi jika 5 a wata, jika 1 na rajista, in kuma rana ɗaya kake so dala hamsin. Ana buɗewa bayan asuba zuwa ƙarfe 9, a sake buɗewa bayan la'asar har isha.

Ranar farko na shiga ina ta kallon ƙarafuna ina zaɓen wanda zan fara da shi a raina. Kocin, yaro ne da bai wuce shekara 27 ba, tsohon ɗan kokowa ne na unguwa, ya ce yana yaro kullum yana filin kokowa na Langa-Langa yana kallon manya, ya dube ni ya ce maigida kana da hawan jini? Na ce ban sani ba. Ya ce to yau ba abin da za ka taɓa, je ka a gwada ka ka dawo gobe. Raina ya ɓaci gaskiya, na biya jika 6 a ce min in koma gida. Amma na je aka gwada, ya ɗan hau kaɗan ba mai tayar da hankali ba, aka ce in rage gishiri da magi in riƙa tafiya. Tun daga nan na fara ganin yaron nan da daraja, don wanda kuɗi kawai yake so ba zai kori mai biya ba.

Washegari ya kai ni jikin bango. Bango fa jama'a. Ya ce tsaya nesa da shi kamar taku biyu, dafa da tafin hannu daidai ƙirji, faɗin hannuwan ya ɗan fi kafaɗa kaɗan, ka kai ƙirji kusa da bango ka turo kanka baya. Na ce ƙanena wasa kake min? Wannan ai ko tsohuwa za ta yi. Ya ce to maigida yi min 15 a hankali, kana sauka kana ƙirga ɗaya biyu uku. A na 11 bayan damtsena ya fara zafi kamar an ɗora garwashi. Na yi shiru da bakina.

Nan ne ya yi min bayanin da ya zauna min a kai har yau, kuma shi ne ainihin abin da na biya kuɗi na saya a wurin nan, ba ƙarfe ba. Ya ce ai pomp ɗaga nauyi ne, kai ne ƙarfen, kuma ba wanda ke shigowa sal ranar farko a ɗora masa abin da ya fi buhun siminti a ƙirji a ce ya tura. Na ɗauka zuzutawa ce irin ta 'yan sal, sai ɗaya daga cikin ɗaliban nan na jami'a ya buɗe waya ya nuna min wani gwaji da aka yi a Amurka a 2011, aka sa mutane suna pomp a kan sikeli na musamman. Pomp na ƙasa cikakke, hannuwa na ɗaukar wajen kashi 64 cikin 100 na nauyin mutum. In a kan gwiwa ne kashi 49. In hannuwa na kan abu mai tsawon santimita 60 kashi 41, in santimita 30 ne kashi 55. Ni da lissafi ba a bar ni a baya ba, aikina ke nan, nan take na buga: kilo 88, kashi 64 ya kama kilo 56. Buhun siminti kilo 50 ne. Wato daren nan a fada abin da na kife na ce zan tura ya fi buhun siminti da kilo 6, ni da na shekara ashirin ban ɗaga abin da ya fi bandir ɗin shadda ba. Ashe ba lalaci ba ne, lissafi ne bai fita ba.

To tsarinsa shi ne tsani. Daga bango sai bakin taga, daga taga sai benci, daga benci sai bulo biyu da aka jera, sannan ƙasa. Kowane mataki hannunka na ƙara yin ƙasa nauyi na ƙaruwa. Ni da metir ɗina a wuya ba na rabuwa da shi, na auna su duka, tagar santimita 95, bencin 58, bulon 30. Bencin nan ke nan wajen kilo 36 nake turawa, bulo kilo 48. Ƙa'idarsa ba ka sauka mataki na gaba sai ka yi seri 3, wato zagaye 3, kowace seri pomp 12 masu tsabta, a ranakun zuwa sal biyu a jere. Tsakanin seri hutun minti ɗaya da rabi zuwa biyu. Kuma sau uku kawai a sati, Litinin, Laraba, Asabar. Na ce me ya sa ba kullum ba tunda na biya na wata? Ya ce nama ba a wurin aiki yake ginuwa ba, a wurin hutu ne, ka ba shi kwana biyu ya gyara abin da ka yaga.

Abin da yake nufi da masu tsabta shi ne inda muka fi faɗa da shi. Yana da wata sandar tsintsiya da yake ɗora maka a baya, dole ta taɓa ƙeya, ta taɓa tsakanin kafaɗu, ta taɓa mazaunai, duk a lokaci guda. Ni kuwa da na gaji sai cikina ya zube ƙasa bayana ya lotsa kamar tsohon gadon igiya, ko kuma in tura mazaunai sama. Sai ka ji ya ce maigida wannan ba ta shiga lissafi ba, sake. Ya ce matse ciki kamar wani zai nausa maka, matse mazaunai, kar ka ɗaga kai kana kallon madubi, kalli ƙasa ɗan gaba da yatsunka. Gwiwar hannu kuma kar a buɗe ta waje kamar fikafikan kaza, kar kuma a manne ta da haƙarƙari, tsaka-tsaki, in an kalle ka daga sama ka yi kamar kan kibiya. Ya ce buɗe ta da yawa shi ke cinye kafaɗar mutane. Numfashi ma sai da ya koya min, ka ja iska kana sauka, ka fesar kana tasowa, kar ka riƙe, musamman ni da aka ce jinina ya ɗan hau. Da farko ina riƙewa har idona ya yi ja jijiyar goshina ta fito.

Satin farko na sha wuya ba kaɗan ba. Ba ranar da na yi ba, washegari da jibi, ɗaga hannu in sa riga sai da dabara, almakashi ma nauyi yake min, ranar Laraba da na ɗaga hannu zan yi kabbara sai da na cije leɓe. Ya ce wannan ciwon nama ne, yana kai kwana biyu zuwa uku ya wuce, kuma yana raguwa in jiki ya saba. Wanda za ka ji tsoro shi ne mai suka kamar allura a cikin gaɓa, kafaɗa ko wuyan hannu ko gwiwar hannu, in ka ji shi ka tsaya. Haka kuwa aka yi, sati na uku ciwon naman ya kusa ɓacewa.

Bango sati ɗaya na yi a kai, taga sati biyu. Da na ga abin na tafiya sai zumuɗi ya kama ni, kuma nan na yi wautar da ba laifin kowa ba ce sai nawa. Na fara ƙarawa a ɓoye. Da dare in na rufe shago sai in dafa teburin yanka in yi 40, 50, kullum, har ranakun hutun. Kwana takwas na yi haka, ranar na tara na tashi da kafaɗar dama kamar an soka min tsinke a gaba. Na je sal ina ɓoyewa, seri ɗaya ya kalle ni ya ce maigida me ka yi a gida? Na ce ba komi. Ya ce kafaɗarka ta faɗa min. Ya hana ni pomp kwana goma cur, tafiya kawai da wasu motsi na roba da yake sa ni ina ja. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Kwana goman nan da na yi haƙuri da yanzu ina gaba da inda nake.

Benci shi ne inda na daɗe, sati huɗu. Nan ya ƙaro min abu biyu. Na ɗaya tsayuwar katako, ka kife a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa jiki a miƙe, daƙiƙa 20 na fara da ita ina rawa kamar mazari, yanzu ina kai minti ɗaya. Na biyu kuma shi ne wanda a ganina ya buɗe min ƙofa, sauka kawai ba tashi. Ka hau matsayin pomp na ƙasa sosai, ka sauka a hankali kana ƙirga biyar har ƙirji ya taɓa tabarma, sannan ka sa gwiwa ka tashi yadda ka ga dama, ka sake. Biyar kawai a seri. Ya ce nama ya fi ƙarfi wajen sauke kaya a kan ɗaga shi, shi ya sa wanda ba zai iya ɗora buhu a kai ba zai iya sauke shi, to ta wannan ƙofar ake shiga a saba wa jiki da nauyin gaske. Pomp na gwiwa bai cika sa ni ba, ya ce ba laifi gare shi amma mutane na sabawa da lanƙwasa ƙugu a kai, ya fi son benci don jiki na miƙe tun daga farko yadda zai kasance a ƙasa.

Wani abin da ya ba ni mamaki, a wata na farko ƙarfi na ƙaruwa amma na auna damtsena da metir ba abin da ya ƙaru ko rabin santimita. Na yi masa ƙorafi. Ya ce satuttukan farko ba nama ke girma ba, jijiyoyi ne da ƙwaƙwalwa ke koyon yadda za su tashi naman da kake da shi gaba ɗaya a lokaci guda, girman sai daga baya. Ya yi min misali da keken ɗinki, ya ce ranar da ka fara taka keke ƙafarka ce ba ta da ƙarfi ko ba ta san aikin ba ce? Na ce kai yaron nan ka iya magana.

Ranar da na yi na farko a ƙasa ba zan manta ba, Asabar ce cikin Janairu, sanyi da ƙura, hazo ya rufe gari ko duwatsun Birni ba ka hangowa, kowa ya shigo da hular sanyi. Ya shimfiɗa tabarma ya ajiye kwalin ashana a tsaye daidai ƙirjina ya ce taɓa shi ka dawo. Na sauka, na ji kwalin ya taɓa rigata, na tura, a tsakiya abin ya tsaya cak kamar mota a yashi, na ji dattijon nan mai ritaya yana cewa tura Alaji tura, ni da ban taɓa zuwa Makka ba, na fesar da iska na miƙe hannu. Ɗaya. Mushe ya yi tafi. Na gwada na biyu na faɗi a kan kwalin na murƙushe shi. Sati tara ke nan daga ranar bango, har da kwana goman da na ɓata.

Daga ɗaya zuwa biyar ya fi sauri, sati biyu. Dabararsa a nan ita ce kar ka yi har ka faɗi, in kana iya 3 ka yi 2 sau biyar da hutu, sannan ka koma bulo ka cika sauran. Shekaranjiya na yi 14 a jere da sandar tsintsiya a bayana.

To yanzu bari in zo kan abin da ban ji daɗinsa ba, don ba talla aka biya ni in yi ba.

Ruwa. Na san matsalar ruwa a Zinder ba yau ta fara ba, mun tashi mun tarar da ita, amma wurin da mutane ke zuba gumi a ce randa ɗaya ce da moɗa ɗaya, kuma rabin ranaku a bushe take, wannan sakaci ne. Jarka biyu daga 'yan garuwa nawa ne? Ka zo da gorarka kawai. Wurin wanka babu, bayin kuma gara kar in yi magana. Tabarmin roba guda huɗu ne kuma ban taɓa ganin an wanke su ba, kai da ke pomp fuskarka ke zuwa kusa da su, warin gumin jiya da na shekaranjiya duk kai za ka shaƙa. Sati na biyu na ɗinka shimfiɗata da ragowar yadi na riƙa zuwa da ita. In kuran, wato wutar lantarki, ya tafi, kuma kun san yadda yake tafiya, fankar ɗaya tilo ta tsaya, ƙarƙashin kwanon nan ko cikin sanyi sai ka jiƙe, ban san yadda za a yi a watan Afrilu da Mayu ba lokacin da zafi ke wuce 40.

Sai yamma. Sau uku na gwada zuwa bayan la'asar saboda aiki ya riƙe ni da safe, na rantse ba zan ƙara ba. Mutum kusan talatin a wurin da bai fi na goma sha biyu ba, kiɗa har ƙirjinka na bugawa, bencin da nake pomp a kai sai na yi layi, kocin kuma ba ya ganinka ma don yana can yana tsare masu ɗaga manyan ƙarafuna kar ya faɗo musu a wuya. Kuma nan ne wani yaro ya ce da ƙarfi don in ji, tsoho bango bai yi maka laifi ba ka bar tura shi. Dariya aka yi, ni ma na yi, amma wani mai ƙaramar zuciya daga ranar ba zai dawo ba. In sabon shiga ne kai, safe ko ka haƙura. Da safen ma akwai ranakun da kocin ke makara, sau huɗu na ƙirga muna tsaye bakin ƙofa cikin sanyi har kusan bakwai, ya zo yana ba da haƙuri wai babur ne ya ƙi tashi.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne garin da ake sayarwa. Ba kocin ba, wani ne da ke zuwa da yamma da jaka, yana ƙulla wani gari a leda ba suna ba kwanan wata, wai furotin ne daga waje, ƙulli ɗaya dala ɗari, har da wasu ƙwayoyi wai na buɗe ƙirji. Yara na saya suna sha. Na yi wa kocin magana ya ce ya hana ya gaji, mai gidan ne ke ba shi izini. Shi dai abin da ya ce min, maigida kar ka sa abin da ba ka san asalinsa ba a cikinka, wake, ƙwai, awara, ƙuli-ƙuli, nono, fara in lokacinta ne, kilishi in aljihu ya yarda, sun ishe ka. Na yarda da shi, amma wurin da sunanka ke kai ai kai ke da alhakin abin da ake sayarwa a ciki.

Mata kuma ba su da lokaci ko na awa ɗaya. Maman yara da ta ga ban zama ɗan pale ba ita ma ta fara sha'awa, yanzu a gida nake nuna mata, ta fara da bangon tsakar gida ta sauko kan dakali. Hukumar lafiya ta duniya ai ba ta ware maza ba, cewa ta yi kowane baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati da kuma aikin ƙarfafa nama kwana biyu ko fiye. Da zai ware safiyar Lahadi ya samo mace ta riƙe wurin da ya ga kuɗi.

Tumbi fa? Kar in yi muku ƙarya. Na auna da metir ɗin da nake auna kwastoma, a Nuwamba cikina 104, yanzu 101. Ƙirji ya ƙaru da santimita 2, damtse da 1. Sikeli ya ce 86. Wanda ya ce maka pomp na narkar da tumbi yaudararka yake, ni santimita ukun nan ma ina zargin tafiyar ƙafa ce zuwa sal da rage sukarin shayi. Abin da na tabbatar shi ne ciwon da nake ji tsakanin kafaɗu in na daɗe kan keke ya ragu sosai, kuma ranar da aka kawo buhun gero gida ni na shigar da shi ɗaki ban kira yaran maƙwabta ba. Ɗalibin nan ya kuma nuna min wani binciken na 2019 kan 'yan kwana-kwana sama da 1,000 a Amurka, waɗanda ke iya pomp fiye da 40 sun fi waɗanda ba sa kai 10 tsira daga ciwon zuciya nesa ba kusa ba cikin shekara goma. Na ce masa to su ai dama masu aikin ƙarfi ne ba teloli ba, kuma ba a ce pomp ɗin ne maganin ba, alama ce ta lafiyar jiki gaba ɗaya. Amma dai na ji daɗi da na fita daga layin 'yan ƙasa da 10.

To ya cancanci jika 5? In kai irina ne, ko ɗaya ba ka iyawa kuma ba ka san inda kake kuskure ba, e, na wata biyu ko uku, da safe, da gorarka da shimfiɗarka. A wata ukun nan ban ɗaga ƙarfe ko ɗaya ba sai roba, duk abin da na yi amfani da shi bango ne da taga da benci da bulo, kuma duk akwai su a gidanku. Abin da babu a gidanku shi ne mai tsaya maka a kai da sandar tsintsiya ya ce wannan ba ta shiga lissafi ba. Ni daga ƙarshen watan nan na daina biyan na wata, zan riƙa yi a tsakar gida Litinin da Laraba, Asabar in je in biya dala hamsin ya duba ni kar in koma lotsa baya. Na gaya masa, ya ce ba komi maigida, amma 20 nake so kafin azumi.

Af, na kusa mantawa, akwai masu tambaya kan ƙarafunan nan biyu masu mariƙi da ake dafawa a yi pomp. Na saya a kasuwa jika 4 lokacin da wuyan hannuna ke ciwo a satin benci. Gaskiya suna rage lanƙwasar wuyan hannu, amma irin wanda na samu robar ƙasansa ta fita a sati ɗaya, a kan siminti sai zamewa, saura kaɗan in fasa haɓa. Kuma suna ƙara zurfin sauka, wanda sabon shiga bai kai nan ba tukuna. Kocin ya sa na riƙa murza wuyan hannu ina miƙe shi minti biyu kafin in fara, in baza yatsu in danna ƙasa da su duka ba da gindin tafi kaɗai ba, ciwon ya tafi da kansa. Ɗaya yanzu shi ke tare min ƙofar shago in iska ta taso, ɗayan yana ƙarƙashin teburin yanka, mai so ya zo ya ɗauka jika 1, amma ya zo bayan azahar don da safe ina da ɗinkin biki da zan kai.